Fankar hita tana aiki a lamba 4 kaɗai, yanzu kuma ta fara ɗaukewa gaba ɗaya

Baban Hafsa, Ɗa'if

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayenmu da 'yan'uwa, musamman waɗanda Allah ya hore wa sanin wutar mota, domin ina neman shawara kafin in sake kashe ko riyal ɗaya a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Motata ƙarama ce, ƙirar Japan, samfurin 2010, kuma makunnin fankarta irin na murɗawa ne mai lamba 1 zuwa 4. Tun a watan Yuli lamba 1 da 2 da 3 suka mutu a rana ɗaya, lamba 4 kaɗai ta rage. Ban damu ba a lokacin, saboda duk wanda ke sauka Makka da rana a tsakiyar zafi ya san cewa a lamba 4 ake barin mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, tun daga fita har dawowa. Da sanyi ya fara leƙowa a watan Oktoba na kai ta wata warsha, wato garejin gyara, a sana'iyya, unguwar makanikai, aka ce muƙawama, wato abin da ke rage gudun fanka, ce ta ƙone, aka sa sabuwa, komai ya dawo daidai. Bayan mako biyar lambobin nan uku suka sake mutuwa, kuma a wannan karon na ji ƙaurin roba daga ƙarƙashin durowar da ke gaban kujerar mai zaman banza. Kwana biyu bayan haka fankar ta tsaya cik. Na koma warshar, yaron da ke wurin ya buɗe akwatin fiyus da ke kusa da batir, ya ce babban fiyus ne ya tsinke, ya cire wani kore ya sa rawaya, ya ce mini wannan ya fi ƙarfi, ba zai sake tsinkewa ba.

Halin da ake ciki yanzu shi ne, lamba 4 tana aiki idan ta ga dama. Wani lokaci sai na bugi ƙasan durowar da hannu kafin fankar ta tashi, idan kuma ta tashi tana yin wani kuka siriri na ɗan lokaci. Ƙari a kan haka, ko tana juyawa iskar da ke fitowa ba ta da ɗumin kirki, ko da na kai maɓallin zafi ƙarshen ja.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne ranar Alhamis da ta wuce. Muna dawowa daga Makka bayan isha'i ta hanyar Al-Hada, da yara uku da mahaifiyarsu a cikin motar, hazo ya rufe dutsen, gilashin gaba kuma ya yi gumi daga ciki, fankar ta ƙi tashi duk bugun da na yi mata. Da hannun rigata na riƙa share gilashi a kan waɗannan kwanoni har muka hau. Ba na son in sake shiga irin wannan hali da iyalina. Wani abokina ya ce makunnin ne, wani ya ce dinamo, wato abin da ke cajin batir, ne ke ba da wuta fiye da kima, wani kuma ya ce in tafi tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, in sayo fankar gaba ɗaya. Wanne zan fara dubawa, kuma shin rashin ɗumin yana da alaƙa da wutar, ko matsala ce dabam?

Malam Ilu mai riwaya, Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Hafsa, mun gode wa Allah da ya hau da ku dutsen lafiya. Kafin komai, ina roƙonka ka cire fiyus ɗin nan rawaya yau, kada ka jira gobe. A irin manyan fiyus masu kama da ƙaramin akwati da ake sa wa motocin Japan, ruwan hoda amfiya 30 ne, kore 40, ja 50, rawaya kuma 60. Ke nan yaron ya cire 40 ya sa 60. Fiyus ana auna shi ne da kaurin wayar da yake karewa, domin ya tsinke kafin wayar ta yi zafin da zai narkar da rigarta. Idan aka ɗora wanda ya fi ƙarfin wayar, to wayar ce za ta ɗauki zafin, kuma wayar nan tana bi ne ta bayan dashbod, tsakanin roba da soso, inda ba za ka ga hayaƙi ba sai abu ya yi nisa. Duba murfin akwatin fiyus ɗin, za ka ga inda aka rubuta HTR ko HEATER da lambarsa, ka mayar da daidai wannan lambar. Idan ya sake tsinkewa, aikinsa ya yi, kuma ya gaya maka cewa akwai abin da ke jan wuta fiye da kima.

Bari in bayyana yadda wutar ke tafiya, domin idan ka gane hanyar, kai da kanka za ka ware shawarwarin abokanka. Fanka ɗaya ce ke hura sanyin mukayyif da ɗumin hita. Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta babban fiyus ɗin nan, ta ratsa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, wanda mutanen nan ke kira katawut, sannan ta isa motar fankar. A yawancin motocin Japan masu makunnin murɗawa, ana rage gudun ne a hanyar dawowar wutar, wato ɓangaren ardi da ke ƙarewa a jikin ƙarfen mota. A lamba 1 da 2 da 3 wutar sai ta ratsa muƙawama, wadda ke cinye wani kaso nata ta mayar da shi zafi, shi ya sa fankar ke juyawa a hankali. A lamba 4 kuwa makunni yana tsallake muƙawamar, wutar ta wuce kai tsaye. Wannan ne dalilin da ya sa lamba 4 ta rayu a watan Yuli. Da a ce makunnin ne ya lalace, da wuya lambobi uku su mutu a rana ɗaya sannan sabuwar muƙawama ta dawo da su duka. Maganar dinamo kuwa minti ɗaya ta ishe ka ka kashe ta: ka ɗora mita a kawunan batir, inji a kashe ya kamata ka ga kusan bolt 12.6 idan batirin ya cika, inji a kunne kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Idan ka ga haka, ka bar dinamo ya huta.

Tambayar da ya kamata a yi tun a watan Oktoba ita ce, me ya ƙona muƙawamar farko? Ana dasa muƙawama a cikin bututun iska ne da gangan, domin iskar fankar ta riƙa sanyaya ta, kuma da yawansu suna da ɗan ƙaramin fiyus na zafi a jiki wanda ke tsinkewa idan zafin ya wuce iyaka. Idan ya tsinke, lambobin ƙasa duka suna tafiya tare, kamar yadda ka gani har sau biyu. Abu biyu ne ke kai ta ga haka. Na farko ƙarancin iska, kuma a ƙasar nan babban mai laifi shi ne filtar da ke bayan durowa, wadda ƙura ke toshewa cikin 'yan watanni. Mutane suna cewa filta da ta toshe tana sa motar fanka ta ja wuta da yawa, amma abin da mita ke nunawa ya saɓa wa haka, domin irin wannan fanka idan aka toshe mata iska nauyinta raguwa yake yi. Illar toshewar ita ce muƙawama da motar fankar suna rasa iskar da ke sanyaya su. Na biyu kuwa, wanda nake zargi a motarka, shi ne motar fankar ta tsufa. Kukan nan siriri alama ce ta cewa bushin, wato mazaunin da sandar motar fankar ke juyawa a ciki, ya bushe, sandar tana juyawa da ƙyar, kuma duk motar lantarki da ke juyawa da ƙyar tana ƙara jan wuta. Idan ta cije ta ƙi juyawa alhali wuta na kanta, abin da take ja yana ninkawa, kuma ina ganin a irin wannan lokaci ne koren fiyus ɗinka ya tsinke. Tashin da take yi idan ka buge ta kuma yana nuna ɗaya daga cikin biyu: ko gawayin cikinta da ke isar da wuta ya cinye har ba ya taɓa tagulla sosai, ko soket ɗinta ya narke ya saki. Ƙaurin robar da ka ji ya sa nake kyautata zaton za ka tarar da duka biyun.

Idan za ka duba da kanka, ka kashe mota, ka cire kan batir mai alamar ragewa, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 kamar yadda littattafan gyaran Toyota suka tanada, saboda jakar iskar kariya tana saman durowar nan. Duk soket rawaya da ka gani a wurin nata ne, kada ka taɓa shi, kada kuma ka kai masa mita ko kwan gwaji. Ka sauke durowar, ka zaro filta ka duba ta a rana. Sannan ka kwanta a ƙasan kujera da tocila, za ka ga gindin motar fankar zagayayye, yawanci sukuru uku ne ke riƙe da ita, muƙawama kuma tana kusa da ita da sukuru biyu. Ka zare soket ɗin kowannensu ka dubi cikinsa. Roba da ta yi baƙi ko ta lanƙwashe, da ƙarfe da ya sauya launi, shaida ce cewa wurin ya daɗe yana zafi. Irin wannan soket ba a goge shi a mayar, yanke shi ake yi a sa sabo da waya mai kauri iri ɗaya, a haɗa da dalma ko matsi mai kyau, domin haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif shi ne zai zama sabon wurin zafi.

Bayan haka ka mayar da batir da soket, ka kunna mota, ka sa lamba 4, ka auna tsakanin wayoyi biyu na motar fankar alhali soket ɗin yana jone. Idan ka ga kusan abin da ke kan batir kuma fankar ba ta juyawa, magana ta ƙare, motar fankar ce. Idan abin da ka gani ya yi ƙasa sosai, sai ka auna wayar shigowa da jikin ƙarfen mota. Idan a nan wutar ta cika, to asarar tana ɓangaren ardi, wato makunni ko notin da aka ɗaure wayar ardi da shi, idan kuma ba ta cika ba sai ka koma kan rile da mazaunin fiyus. Akwai tarko ɗaya da ke kama masu kwan gwaji a irin wannan tsari. Idan hanyar ardi ta yanke, kwan zai kama a wayoyin biyu duka, domin wutar tana ratsa cikin motar fankar ta fito ta ɗaya wayar, sai mutum ya ɗauka wayoyi sun haɗe ya fara farke rigar wayarin a banza.

Gwajin da zai raba gardama shi ne auna abin da fankar ke ja. Ka nemi mai wuta da ke da mita irin wadda ake maƙalawa a jikin waya, mai auna wutar batir, ya maƙala ta a waya ɗaya kana lamba 4. A ƙananan motoci lafiyayyar fanka takan tsaya a amfiya goma sha wani abu, kuma lambar ba ta rawa. Idan ta haura 20 ko tana hawa tana sauka, kada a ɗaura mata sabuwar muƙawama, domin ita ma ƙonewa za ta yi. Rashin ɗumi kuma ba daga wuta yake ba, na bar wa waɗanda suka fi ni zama a garuruwan sanyi su yi bayaninsa.

Abu Sumayya, Tabuk

Allah ya saka wa Malam Ilu da alheri, bai bar komai ba a ɓangaren wuta. Ni direba ne, shekarata tara a Tabuk, inda a watan Janairu mukan wayi gari ruwa ya daskare a kan gilashi, a wasu shekarun kuma dusar ƙanƙara takan sauka a dutsen Al-Lauz. A nan hita ba kayan ado ba ce, saboda haka mun san cututtukanta.

Baban Hafsa, ɗumin hita daga ruwan inji yake zuwa. Akwai ƙaramin lagireto a ɓoye cikin dashbod, ruwan zafi yana shiga ta tiyo ɗaya ya fita ta wani, fanka kuma tana hura iska ta cikinsa. Ka buɗe bonet, ka dubi bangon da ya raba inji da cikin mota, za ka ga tiyo biyu sun shige ciki. Abin da za ka fara tabbatarwa shi ne suna nan a jone, domin motoci da yawa da suka yi rayuwarsu a Jidda ko Makka an taɓa yanke musu wannan hanya: ƙaramin lagireton ya fara yoyo, mai gyara ya ga buɗe dashbod aiki ne babba, mai motar kuma ya ce ba ya buƙatar hita, sai a haɗe tiyon biyu da juna a waje. Idan suna jone, ka bar inji ya yi zafi, ka kai maɓallin ƙarshen ja, ka taɓa su da hattara. Idan ɗaya ya yi zafi ɗaya kuma da sanyi-sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe, kuma yawanci ruwan famfo ne ke jawo haka, saboda tsatsa da dattin da yake tarawa. Idan duka biyun sun yi zafi sosai amma iska ba ɗumi, to ƙofar da ke karkatar da iska a ciki ce ba ta motsi, sai a duba wayar ƙarfe ko ƙaramar motar lantarkin da ke jan ta. Idan kuwa duka biyun ɗumi-ɗumi ne kawai, ko dai ruwa ya yi ƙasa, ko kuma an cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji.

Ina zargin wannan na ƙarshen, kuma ina da tambaya: idan kana gangarowa daga Al-Hada, allurar zafi tana sauka ƙasa? Idan tana sauka, kusan tabbas babu tamostat a motar. Al'ada ce da ta yaɗu a nan da kuma gida, a cire shi wai don kada mota ta yi zafi. A yawancin injinan Japan yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki. Idan babu shi, ruwa yana zagaya babban lagireto tun daga tashi, inji ba ya ɗumama a garin da ke saman dutse kamar Ɗa'if, mai yana ƙara tafiya, hita kuma ba ta samun abin da za ta bayar. Kada ka buɗe murfin lagireto inji da zafi, ka bari sai da safe.

Game da gumin gilashi, idan fankar ta gyaru ka kunna mukayyif tare da zafi, ka juya iskar zuwa gilashi, ka kuma sa ta shigo daga waje maimakon ta riƙa zagayawa a ciki, domin mukayyif ne ke tsotse laimar numfashin mutane. A yawancin motoci mukayyif ba ya kamawa idan makunnin fanka yana kashe. Kafin a gyara, ka ajiye tsumma mai tsabta a kusa, ka ɗan sauke gilasan gefe, kuma in da hali ka bi ta hanyar As-Sail da dare, duk da ta fi tsawo.

Usmanu Mai Wurno, Riyad

Ina gaida Malam Ilu da sauran manya. Ni a Sudan na tashi, a can na koyi aikin wuta, tsakanin Mai Wurno da Sinnar, kafin in zo Riyad, kuma ina so in yi magana a kan abu ɗaya kawai, wato shawarar zuwa tashlih.

Yaya Baban Hafsa, fankar tashlih ta fito ne daga mota sa'ar taka, ta sha ƙura irin wadda taka ta sha, kuma ba ka san saura nawa ya rage a gawayinta ba. A wurin sayarwa za su jona ta da batir ta juya da ƙarfi, amma taka ma idan aka jona ta haka bayan an jijjiga ta juyawa za ta yi. A inda na koyi aiki ba ma jefar da motar fanka sai mun buɗe ta. Ana zare keken robar mai fukafukai a hankali, a buɗe gindin, a dubi gawayi biyu da tagullar da suke gogawa. Idan gawayin ne kawai ya gajarce, ana samun na wani abu mai kama da shi a goge shi da sanfefa har ya shiga mazauninsa ba tare da ya cije ba, a share tagullar da sanfefa mai laushi, a hure ƙurar gawayin, a ɗiga wa bushin ɗan man inji kaɗan. Na ga fankokin da aka yi wa haka suka ƙara shekaru suna aiki.

Idan dai sai ka saya, to ka tafi da taka a hannu ka gwada su gefe da gefe: soket, da tsawon keken, da kuma ɓangaren da fukafukan suka karkata. Motocin da sitiyarinsu ke dama sukan zo da fankar da ke juyawa ta ɗaya ɓangaren, kuma idan aka ɗaura irinta za ka ji ƙara amma iska kaɗan. Ka juya keken da yatsa, ya kamata ya tafi sumul ba tare da kuka ba, ka kuma girgiza sandar gefe da gefe ka ji ko tana wasa. Idan za a gwada ta da batir, a sa fiyus a wayar gwajin kuma a riƙe ta da kyau, domin tana fizga idan ta tashi. Abu na ƙarshe, idan ka sauke taka ka duba ko akwai alamar ruwa ko tsatsa a gindinta, saboda idan tiyon da ke zubar da ruwan mukayyif ya toshe, ruwan yakan taru ya koma kan fanka da muƙawama, kuma kowace ka ɗaura zai ci ta.

Malam Ilu mai riwaya, Jidda

Usmanu, Allah ya yi maka albarka, maganar ruwan mukayyif da ta juyin fanka duka gaskiya ne, kuma na manta da su. A kan gyaran motar fankar kuwa, na yarda da kai rabi. Idan gawayi ne kaɗai ya ƙare, sauya shi gyara ne na gaske, ni ma ina yi. Amma wannan fanka tana kuka, ta ƙona muƙawama biyu, ta tsinke fiyus na amfiya 40. Wannan tarihi yana nuna bushin ya ci, wataƙila ma zafi ya taɓa naɗin wayar cikinta. Man da aka ɗiga wa bushin da ya riga ya ci yana kashe kukan na wata ɗaya ko biyu, sannan ƙura ta manne a kansa abin ya dawo. Da yawa daga cikin waɗannan motocin fanka ma matse gindinsu aka yi, ba a yi su don a buɗe ba, kuma idan keken ya ɗan karkace wajen zarewa zai riƙa girgiza dashbod. Da mutum ne da ke yawo cikin gari shi kaɗai, sai in ce a gwada. Wanda ke hawa Al-Hada da yara cikin hazo, ni sabuwa zan ce ya saya idan aljihu ya ba da dama, in bai bayar ba ya yi yadda ka ce, amma ko gyararriya ce ko ta tashlih, a maƙala mata mita bayan an ɗaura kafin a jona sabuwar muƙawama.

Baban Hafsa, Ɗa'if

Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya ƙara buɗi a sana'o'inku. Na dawo da bayanin abin da aka samu, ko zai amfani wani.

A daren da na karanta amsar Malam Ilu na cire fiyus ɗin rawaya, da safe na sayo kore, domin 40 aka rubuta a murfin. Batir ya nuna 12.5 a kashe, 14.1 a kunne, saboda haka na bar maganar dinamo. Da na zaro filta na tarar ta zama kamar bangon ƙasa, har da busassun ganye da takardar share hannu da ta faɗo daga durowa ta manne a samanta. Tun da na sayi motar shekara uku da suka wuce ban san akwai filta a wurin ba, kuma babu wanda ya duba ta lokacin da aka sauya muƙawama. Soket ɗin motar fankar ya narke a gefe ɗaya, ƙarfen ciki ya yi baƙi, yana shiga yana fita ba tare da ya kama ba. Gindin fankar a bushe yake, babu alamar ruwa, kuma na ga mukayyif yana ɗiga a ƙarƙashin mota yadda ya kamata.

Na kai ta wurin wani dattijo mai wuta da ke da irin mitar da aka ambata. Da ya sa sabon soket ya maƙala mitar, tsohuwar fankar ta riƙa yawo tsakanin amfiya 22 da 27. Ya buɗe ta saboda na gaya masa shawarar Usmanu, muka ga gawayi ɗaya ya kusa ƙarewa, tagullar ta yi rami, sandar kuma tana wasa a hannu, sai shi da kansa ya ce wannan ta wuce gyara. Na sayi sabuwa, aka ɗaura, mitar ta tsaya a 14 ba ta motsi, sannan ne aka jona sabuwar muƙawama da sabuwar filta. Lambobi huɗu duka suna aiki, kuma iskar da lamba 2 ke bayarwa yanzu ta kai wadda lamba 4 ke bayarwa a da.

Abu Sumayya, zarginka ya tabbata. Allurar zafi tana sauka har kusan ƙasa idan ina gangara, na ɗauka ma alamar lafiyar inji ce. Tiyon biyu suna jone, duka ɗumi-ɗumi, da aka buɗe mazaunin tamostat kuma babu komai a ciki. An sa sabo mai lamba 82, an zubar da tsohon ruwan wanda ya yi ja da tsatsa, an zuba ruwan lagireto na galan. Jiya da asuba kafin in isa masallaci ɗumi ya fara fitowa, gilashi kuma ya washe cikin ƙanƙanin lokaci da na haɗa mukayyif da zafi kamar yadda ka ce.

Saura abu ɗaya da nake so ku duba mini. Tun da aka sauya ruwan, idan na tayar da mota da safe ina jin ƙarar ruwa yana gudu a bayan dashbod, kuma idan na tsaya a danja ɗumin yana raguwa, sai na taka mai ya dawo. Kafet ɗin ƙasa a bushe yake, ban kuma ji wani wari ba. Dattijon ya ce iska ce ta maƙale a ƙaramin lagireton, in dawo ranar Asabar da safe inji da sanyi ya fitar da ita, in kuma riƙa duba robar ajiyar ruwa kowace safiya kafin lokacin. Yau na tarar ruwan ya sauka kamar faɗin yatsa biyu daga layin sama, na cika shi.